Soron Barmo a Tsibirin Aro

A can tsakiyar tekun gabas, inda iska ke kaɗawa rabin shekara daga kudu rabin shekara daga arewa, akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Tsibirin Aro. Don ƙanƙantarsa, in mace ta ɗora wake ta fita zagaya shi, za ta dawo ta tarar bai nuna ba. Ba kogi, ba rijiya, sai ruwan sama da ake tarawa a randuna. Amma kwakwa kam har ta yi yawa, ga kanumfari wanda in aka shanya shi, matuƙan jirgi kan ji ƙanshinsa tun ba su hango ƙasa ba.

Kakannin mutanen wurin jirgi ɗaya ne ya fashe da su: mahajjata daga ƙasashen yamma, da matuƙan jirgin, da wasu bayi da aka ɗauko za a kai kasuwa. Suna cikin shan ruwa suna salati, sai suka ji ƙasa ta taso ta tokare ƙafafunsu, ta ɗaga su sama, kifaye na tsalle a kanta. Daga wani rami a tsakiyar ƙasar da ta taso wata murya ta ce musu, "Ku zauna, na ara muku." Ba ta ƙara ko kalma ba. Ran nan babu wanda ya tambayi wane ne bawa wane ne ɗa, don kowa hannu rabbana teku ta tofo shi. Suka yi aure a tsakaninsu, harsunansu suka cakuɗe, suka zama jama'a ɗaya.

Tun daga lokacin ba wanda ke cewa gonata ko gidana a tsibirin, sai dai ya ce aron da ke hannuna. Gaisuwarsu ma ita ce, "Ina aro?" a amsa, "Aro da godiya." Mutanen kirki ne ƙwarai, sai dai kunya ta yi musu yawa. In ka taka ƙafar ɗan tsibirin nan, shi zai riga ka ba da haƙuri.

Ramin da muryar ta fito suna kiransa Ƙofar Mai Gida. Yana cikin kwari, saboda haka in an yi ruwa duk malalen tsibirin can yake gangarawa, da ganyensa da kashin awakinsa. Mata na wanki a gefensa. Haka aka daɗe, har kanumfari ya kawo musu wadata, suka sami sararin dubawa, kunya ta kama su. Suka ce, ashe wanda ya ara mana ƙasa mun bar ƙofarsa ruwa na duka, awaki na tsallakawa? Sai suka kira Barmo magini, wanda a lokacin yake ji da ƙuruciya. Barmo ya fasa dutsen murjani, ya ƙona farar ƙasa, ya tayar da soro a kan ramin, ya yi masa tulluwa mai santsi wadda ko ɗigo ba ya ratsa ta. Ya kewaye shi da dakali, ya karkatar da malalen ruwa zuwa teku. Ƙuruciyarsa duk a nan ta ƙare, yana aiki yana waƙa. Da aka gama, jiragen fatake har rage tafiya suke yi don su kalli farin soron. Duk shekara in iska ta juya sai a shafe shi da farar ƙasa, a ƙona turare, a ajiye zuma a bakin ramin.

Barmo ya tsufa, idonsa ya yi hazo, sannan tsibirin ya fara nutsewa. Da fari itatuwan kwakwa na bakin gaɓa ne suka tsaya cikin ruwa. Daga nan gishiri ya fito a gonaki. Mutane suka ce mai gida ya yi fushi, suka ƙara turare, suka ƙara zuma. Teku ta ƙara matsowa har ta fara lasar maƙabarta. Da Mai Tsibiri Kailani ya ga haka, ya tara jama'a ya ce aro ya ƙare, kowa ya ɗinka jirginsa, kafin iska ta juya za a tashi.

Kowa ya yarda in ban da Barmo. Ya ɗauki tabarmarsa ya shimfiɗa a inuwar soron, ya ce nan zai zauna.

'Yarsa ɗaya ce, Tasalla, wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, don haka Uwata yake kiranta. Mace ce mai ƙashi, tufkar igiyar kwakwa ce sana'arta, kuma tun da teku ta cinye mijinta Ilu ita ke tuƙa kwalekwalensa. Ba ta da ɗa, ba ta da kowa sai tsohon nan. Ta durƙusa gabansa ta ce, "Baba, ka yi wa Allah ka shiga jirgi. Ni zan goya ka."

Ya ce, "Uwata, ki tafi, na yafe miki. Ni in na bar soron nan, me zan ce na yi a duniya? In mai gida ya karɓi abinsa, ya haɗa da ni."

Tasalla ta san halin ubanta, in ya kafe ko giwa ba ta jan sa. Ta kuma san ita ba ta iya shiga jirgi ta waiwayo ta gan shi zaune ruwa na hawa. Abin ya tsaya mata a rai, har ta ce a zuciyarta, tun da kowa kunyar mai gidan nan yake ji, ni zan ajiye kunya in je in tambaye shi laifinmu. Ta ɗaure turare da zuma a zane, ta ɗauki ɗanyar kwakwa guda don guzuri, ta tura kwalekwale da hantsi ta nufi Cibiyar Teku, wurin da ruwa ke juyawa yana haɗiye duk abin da ya kusance shi. Masunta na ɗaga mata hannu ta komo, ita kuwa ta yi bisimilla ta saki matuƙi.

Ruwa ya juya da ita har ta rasa gabas da yamma, ya dire ta a kan wani farin yashi. Ta ɗaga kai ta ga teku a samanta tana lilo kamar rumfa. Gabanta wata mata ce zaune, tsawonta ya kai na itacen kwakwa, tana taje gashinta da ƙayar kifi.

Tasalla ta ce, "Salamu alaikum, mai tsaron hanya."

Matar ta ce, "Wa alaikis salam, 'yar Adam. Teku ce ta aiko ki, ko da ranki kika zo?"

"Da raina na zo, ranki ya daɗe. Wanda ya ara mana tsibiri nake nema."

"Mai rai ba ya wuce nan da numfashi. Ki ajiye shi, in kin dawo ki karɓa. Amma ki sani numfashi ba ya son ajiya, tsiyayewa yake yi. In kin daɗe, bawo za ki tarar."

Ta miƙo mata bawon katantanwa. Tasalla ta hura numfashinta ciki, matar ta toshe da danƙo ta rataye a wuya. Tasalla ta ji ƙirjinta ya yi tsit kamar gidan da aka tashi. Tsoro ya kama ta sosai, amma ƙafafunta na tafiya, sai ta bi su.

Ba ta yi nisa ba ta faɗa wata kasuwa, inda ake baje duk abin da teku ta taɓa ci. Ga tukwane, ga takalma wari-wari, ga allunan yara. A wani layi kuwa tuluna ne jere, mutane zaune gabansu kowa ya manna kunne a bakin nasa, gansakuka ta tsiro musu har wuya. Mai tulunan, wani gajere mai hannun ƙaguwa, ya tare ta.

"Maraba da matar Ilu. Ga ajiyarki. Maganar da ya yi ta ƙarshe kafin ruwa ya rufe bakinsa tana cikin tulun nan. Ba na neman komai, zama kawai za ki yi ki saurara."

Tasalla ta matso kusa da tulun. Tun ranar da aka tsinci kwalekwalen Ilu babu kowa ciki, ba abin da take so a duniya kamar ta sake jin muryarsa. Har ta miƙa hannu. Sai ta dubi na zaune, ta ga wata tsohuwa da ƙananan kifaye suka yi gida a cikin gashinta, tana murmushi ita kaɗai.

Ta ce, "Waɗannan yaushe suka zauna?"

Ya ce, "Ba mu ƙirga lokaci a nan."

Ta janye hannunta. "Ka riƙe ajiyarka, bawan Allah. In salati ya yi, ba ni aka yi wa ba. In kuwa sunana ya kira, na daɗe da amsawa." Ta wuce tana kuka, sai dai a ƙarƙashin teku ba mai gane hawaye.

Gaba kaɗan ta yi karo da ayari. Aljanun ruwa ne, gari guda, sun ɗauko tabarmi da turame da 'ya'ya a goye, suna ƙaura. A tsakiyarsu sarauniyarsu ce bisa wata kififiya mai faɗin masussuka. Tasalla ta zube ta yi gaisuwa, ta kwance ƙullin zanen ta miƙa turare da zuma, ta ce, "Ranki ya daɗe, daga Tsibirin Aro nake. In mun yi muku laifi, ku faɗa mana mu gyara. Kada ku karɓe aron nan, akwai tsofaffi a kansa."

Sarauniyar ta dube ta da idanu masu kama da na kifi, ta ce, "Ki naɗe kayanki, 'yar Adam. Ba mu muka ara muku ba, ba mu ke karɓa ba. Gindin tsibirinku a kan garinmu yake saukowa, ga shi mu ma gudu muke yi. Wanda kike nema yana can ƙasa. A da yakan yi mana sallama in mun wuce. An daɗe rabon da a ji bakinsa. Mun aika an tambaye shi, kallon manzanninmu kawai yake yi."

"Ina hanya?"

"Sai kin tsallake Kogin Cikin Teku. Mu da muke 'yan ruwa ma muna shakkarsa." Ta ɗaga yatsa, wani ɗan kifi mai fitila a goshi ya fito daga ayarin. "Wannan zai haska miki. Abin da ya rage, ke da Ubangijinki."

Kogin kuwa wani baƙin ruwa ne mai gudu a tsakiyar ruwa, yana tafe da duwatsu yana niƙa su. A ɗaya gefen akwai kurmin murjani mai rassa. Tasalla ta tsuguna ta tsinko ciyawar teku, ta murza a cinyarta, ta tufka igiya irin wadda ake ɗinka jirgi da ita. Ta yi zarge ta jefa, ya kama reshe. Ta ɗaure ƙugunta ta faɗa. Kogin ya fyaɗa ta nan ya fyaɗa ta can, ya ƙwace turaren, ya ƙwace zumar, ya sale mata tafin hannu, amma igiyar ba ta tsinke ba. Ta fita da jan ciki, ba abin da ya rage mata sai kwakwar da ta ɗaure a bayanta. Ta ratsa kurmin, rassansa na yankarta, ɗan kifin na gaba.

Can sai ta ga wasu ginshiƙai biyu, kowanne ya fi ƙarfin mutum goma su rungume. Ta ce a ranta, wane magini ne ya yi wannan? Kifin ya yi sama yana haskawa, ita ma ta bi shi tana iyo. Sai ta ga gwiwa. Sai ta ga ƙirji, haƙarƙari duk a waje. Ashe ƙafafu ne. Wani tsoho ne tsaye, ya ɗauki tsibirin gaba ɗaya a kansa, ya tallafe shi da hannu biyu, ko gammo babu. Wuyansa ya lanƙwashe, gwiwoyinsa na rawa. Daidai goshinsa akwai wata tsaga a dutsen da ta yi sama, a bushe, sai wani abu mai danƙo da ya daskare a bakinta. Leɓunansa sun tsattsage kamar ƙasar fadama da rani.

Tasalla ta tsaya a kan gemunsa ta yi sallama. Idanunsa suka juyo, leɓunan suka motsa, ba abin da ya fito. Ita kuwa ta yi jinyar uwarta, ta yi jinyar maƙwabta, ta san bakin da ƙishirwa ta ɗaure. Ta kwance kwakwarta ta buga a kan dutse, ta tura ta tsakanin leɓunansa ta tsiyaye. A bakin nan ruwan kwakwa guda bai fi ɗigon raɓa ba, amma harshen ya saki.

Ya ce, da murya kamar ana jan turmi, "Wa alaikis salam. Allah ya shayar da ke. Wace ce?"

"Baƙuwarka ce, Kaka, daga cikin waɗanda ka ara wa. Na zo tambayar laifin da muka yi ka yi fushi."

"Fushi? Ban yi fushi ba, jikata. Gajiya na yi."

"Kana tsakiyar ruwa, ƙishirwa na cinka?"

"Ni ba na ruwa ba ne. Aljanin tudu ne ni, daga duwatsun da ke bayan hamada. Ruwan gishiri ba ya wuce maƙogwarona. Wucewa nake yi ta sama na ji kururuwar kakanninki, na nutso na ɓamɓaro ƙasar teku na ɗaga musu. Na ce in riƙe kafin wani jirgi ya zo ya kwashe su. Jirgi ya zo, amma kafin nan wata ta haihu, wani ya shuka kwakwa, wani ya binne uwarsa. Na ji ba su shiga ba. To, ya zan yi? Na gyara tsayuwa."

"Duk zamanin nan me kake sha?"

"Abin da Allah ya saukar. In an yi ruwa yakan biyo ramin nan ya sauko bakina, da ganyensa da ƙasarsa. Har ruwan wankin matanku ina sha, yana da daɗi. Shi ke riƙe da ni." Ya lashi leɓe. "Daga baya aka daina. Sai zuma ke ɗigowa, ita kuwa ƙara ƙishi take yi, da hayaƙi mai sa tari. Ina tsoron in yi tarin, kada gidajenku su zube."

Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Kaka, me ya hana ka magana tun bakinka na buɗewa? Kalma ɗaya ta isa."

"Na yi niyya. Amma akwai wani yaro da ke aikin, yana waƙa tun safe har yamma. A cikin waƙar yana cewa zai yi wa mai gida abin da ba a taɓa yi wa kowa ba. Tun da aka halicce ni ba wanda ya taɓa yi mini gini. Na ce bari ya gama wannan bangon in faɗa masa. Ya gama, na ce bari ya gama wancan. Ranar da ya rufe tulluwa na ji shi yana kukan murna. Wa zai buɗi baki a ranar nan? Na ce zan iya jurewa. Da na gane ba zan iya ba, harshe ya riga ya bushe."

"Yaron nan ubana ne. Ya tsufa, ya makance, yana zaune a kanka yanzu, ya ce ba zai shiga jirgi ba."

Tsohon ya rufe ido. "To kada ki faɗa masa. Ki yi masa dabara ki sa shi a jirgi. Zan riƙe har ku yi nisa. Mutum ya mutu yana ganin ya yi abin kirki, ai ba laifi."

Tasalla ta ce, "Ka gafarce ni, Kaka, wannan karon ba za a bi taka ba. Kai kana kunyarmu, mu muna kunyarka, ga inda ta kawo mu. Ka ƙara haƙuri kaɗan."

Ta juya da gudu. Ta ratsa kurmin, ta kama igiyarta ta tsallake kogin, ta bi ta kasuwa ba ta ko dubi layin tuluna ba. Da ta iso, mai tsaron hanya ta girgiza bawon a kunne ta ce, "Saura kaɗan, 'yar Adam." Tasalla ta zuƙe abin da ya rage, ruwa ya tofo ta sama kusa da kwalekwalenta. Tun daga ranar ba ta sake iya hawan tudu ba sai ta tsaya ta huta.

Ta tarar teku ta shiga kasuwar tsibirin, jirage jere an fara loda kaya. Ba ta tsaya wurin kowa ba sai inuwar soron. Barmo na zaune yana shafa bangon da tafin hannu. Duk hanya tana shirya yadda za ta lallaɓa maganar, amma da ta ga hannun nan a kan bango, sai ta ji dabarar Kaka ta fi sauƙi. Ta daɗe a durƙushe. Sannan ta faɗa masa duka, ba ta rage komai ba.

Hannun Barmo ya sauko daga bangon ya kwanta a cinyarsa. Can ya ce, "Uwata, ya ce ya ji waƙar?"

"Ya ji, Baba. Ita ta hana shi magana."

"Ko gammo babu, kika ce?"

"Babu."

Ya jinjina kai. "Tashe ni. Kira mini Kailani."

Mai Tsibiri ya zo da dattawa. Da suka ji, suka yi cirko-cirko. Kailani ya ce, "Baba Barmo, mu rushe ƙofar mai gida da hannunmu? In kuma wahalar teku ce ta taɓa Tasalla fa? Abin kunyar ya yi yawa."

Barmo ya ce, "Kailani, na girmi ubanka. Ni na gina, ni zan sauke, kunyar tawa ce." Samari suka rugo da diga da gatari, ya daka musu tsawa. "Kada wanda ya taɓa bango. In kuka sare shi daga ƙasa, tulluwar za ta rufta cikin ramin ta toshe shi har abada. Daga sama ake farawa. Ku ɗora ni."

Aka kafa tsani, Tasalla ta ɗaure shi da igiya a ƙugu, aka hau da shi. Ya rarrafa kan tulluwar yana lalube har ya kai tsakiya, ya sa yatsa a kan wani dutse ya ce, "Wannan na sa ƙarshe." Shi da kansa ya ƙwaƙule farar ƙasar ya zare shi. Daga nan ya zauna yana faɗa, wannan, sai wancan, a hankali, a miƙa wa na ƙasa. Ko wane dutse ya san shi da hannu. Wani ma sai ya riƙe shi ɗan lokaci kafin ya miƙa. Mata na kuka a ƙasa, shi kuwa muryarsa ba ta yi rawa ba. Kafin la'asar rana ta leƙa cikin ramin, aka fasa dakalin, aka kankare zumar da ta daskare.

Sai dai sama tas take, ba alamar hadari, ruwan da ya rage a tsibirin kuwa na cikin randunan da aka loda a jirage don tafiya. In aka zuba shi, ba tafiya, ba kuma abin sha sai ruwan kwakwa. Kowa ya san haka, kowa ya sunkuyar da kai. Tasalla ta sauka bakin gaɓa ta ɗauko randarta a ka, tana tafe tana haki, ta juye ta cikin ramin. Matar Kailani ta bi bayanta. Daga nan layi ya miƙe tun daga jirage har kwari, har tsofaffi da butocin alwala.

Da randa ta ƙarshe ta ƙare, aka yi tsit. Sai aka ji wani sauti daga can ƙasa, irin na maƙogwaron da ke haɗiya. Ƙasa ta motsa, ta yi sama a hankali, yadda mai kaya ke gyara kayansa a ka. Ruwa ya ja da baya daga kasuwa, ya bar kifaye na tsalle a rumfuna. Bai koma inda yake da ba, itatuwan bakin gaɓa da kaburburan farko sun tafi ke nan. Jama'a suka sha wuyar ƙishi kafin damina ta sauka, amma ba wanda ya shiga jirgi.

Da aka watse, Barmo na zaune a kan tarin duwatsu. Ya ce, "Uwata, me kike gani a wurin?"

Ta duba. "Ba komai, Baba. Rami ne, da fili. Ga wata akuya ma ta zo."

"Ƙyale ta," ya ce. Sai a lokacin hawaye suka zubo masa, ya bar su suna bin gemu. "Kai ni gida."

Bai sake bin hanyar kwarin ba har ya bar duniya, in za a wuce da shi ta nan sai ya ce a zaga. Amma duk ranar da aka yi ruwa, yakan sa Tasalla ta fitar da shi tsakar gida, ya hana kowa magana, ya kwanta ya manna kunnensa a ƙasa. In ta ce, "Baba, za ka yi mura," sai ya ɗaga mata hannu ya ce, "Yi shiru, Uwata. Yana sha."